Babi na Shida: Gidan Fis da Rile

Wata Alhamis ce cikin watan Agusta, bayan magariba, a kan hanyar Zariya zuwa Kano. Ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa ina riƙe da sitiyarin wata tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da na yi wata takwas ina tayar mata da komaɗa. An gyara inji, an yi fenti, an sake kujeru. Sannan na ƙara mata abubuwan da ba ta zo da su ba: doguwar fitilar LED a saman gilashi, fankar lagireto mai aiki da lantarki, famfon mai, rediyo da wurin cajin waya, da ɗan firij a baya. Duk wayoyin nan sun haɗu a cikin wani sabon baƙin akwati da na saya, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ruwa ba ya shigarsa.

Na wuce Kwanar Dangora kaɗan sai fitilun gaba suka fara ƙiftawa. Kafin in rage gudu sun ɗauke ɗif, ga tirela a bayana, ga duhu, ga ruwa. Allah ya kiyaye, na lallaɓa na gangara gefen titi, kuma a nan na zauna har ruwan ya tsagaita.

Washegari na kai ta wurin Baba, wani dattijo mai wayarin mota da ya tsufa a kan sana'ar. Ya buɗe murfin akwatin, samansa a bushe ƙamas. Ya kwance sukurorin da ke riƙe da shi, ya juya shi, sai ga ruwa mai kore-kore yana tsiyayowa.

"Malam," in ji shi, "murfin nan bai ci amanarka ba. Zo ka ga inda ruwan ya bi."

Ya nuna mini ƙasan akwatin. Ramuka shida a buɗe, waɗanda ba a sa musu waya ba. Sauran kuma wayoyi sun shiga tsirara, babu robar da ta rungume su.

"Baba, ruwan jiya ne ya yi wannan ɓarna?"

"Ina! Tun farkon damina yake shiga. Jiya dai ya ƙarasa aikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Abin da na koya a ranar shi ne ginshiƙin wannan babi: akwatin da ba ya shan ruwa ba a kasuwa ake samun sa cikakke ba. Rabi saye ne, rabi haɗawa. Wanda ya san abin da zai saya amma bai san yadda ake rufe shi ba, ya yi asarar kuɗinsa. Wanda kuma ya iya haɗawa amma ya sayi jabu, ya yi asarar guminsa.

Masu gadi biyu

Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, buƙatar lantarkin mota kaɗan ce: fitilu, hon, waifa, kwayil, sai wataƙila rediyo. An auna wayoyinta da makunnanta daidai da wannan kaya. Duk wanda ya ɗauki irin wannan mota, ko tsohuwar Land Cruiser, ko bas, ya ɗora mata kayan zamani a kan tsofaffin wayoyi, kamar wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Shi ya sa mai haɗa mota yake buƙatar sabon akwati, mai masu gadi iri biyu a ciki.

Na farko shi ne fis. Yawancin mutane suna zaton fis yana kare fitila ko rediyo ne. A'a, waya yake karewa. Batirin mota yana iya turo ɗaruruwan amf a lokaci guda. Idan waya ta goge ta taɓa bodi, cikin daƙiƙu za ta yi jajur, robarta ta narke, wuta ta kama. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya riga wayar ƙonewa. Irin mai ƙafa biyu da jikin roba da muke gani yau, kamfanin Littelfuse na Amurka ne ya fito da shi a 1976, kuma launinsa shi ne sunansa: ja amf 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari garau 25, kore 30, ruwan lemo 40. Wanda ya cire fis ya cusa guntuwar waya ko ƙyalƙyalin kwalin sigari a madadinsa, ya kori maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Na biyu shi ne rile. Aikinsa kamar na ɗan dako ne: kai ka yi nuni da yatsa, shi ya ɗauki buhun. A cikinsa akwai naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu idan ta sami wuta, ta jawo wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Abin da naɗin ke ci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na amf ɗaya ba, amma hanyar da yake buɗewa tana ɗaukar amf 30 ko 40. Ta haka makunnin da ke dashbod ba ya ɗaukar nauyi, kuma wuta tana zuwa fitila ta gajeruwar hanya mai kauri. Lambobin da ke ƙafafun rile sun fito ne daga ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552, kuma ko'ina ka je ma'anarsu ɗaya ce: 30 daga batir, 87 zuwa kaya, 85 da 86 na naɗin, 87a kuma ita ce hanyar da ke haɗe yayin da rile ke hutawa. Wasu rile suna da dayod a ciki don shanye bugun wutar da naɗin ke mayarwa idan an kashe shi; irin waɗannan dole 86 ta sami wuta, 85 ta tafi bodi. In aka juya su, dayod ɗin ya tafi.

Takarda kafin kasuwa

Tun ran gini, ran zane. Kuskurena na farko shi ne na je kasuwa kafin in zauna da biro. Girman akwati ba ido ke zaɓarsa ba, lissafi ne, kuma lissafin ba shi da wuya: raba wat da volt, ka sami amf.

Ga yadda muka yi da Baba a bayan wani kwali. Ƙwayayen fitilun gaba irin H4 ne, wat 60 a babbar wuta, 55 a ƙarama. Guda biyu a babbar wuta wat 120 ke nan. A raba da 12, amf 10. Doguwar fitilar sama ita ma wat 120, amf 10. Fankar da na sa tana cin wajen amf 15. Famfon mai, waifa, rediyo da caja, da firij, kowanne mun ba shi amf 5. Ƙananan fitilu amf 3. Hon muka ware, domin ba ya daɗewa a kunne. Idan dare ya yi, ana ruwa, komai na aiki, jimla amf 58.

Wannan adadi yana amsa tambayar da mutane da yawa ba sa yi. A cikin yawancin akwatuna akwai wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe guda da ke raba wuta ga dukan fis, kuma shi ma yana da iyakarsa. Akwati na iya samun gurbin fis goma sha biyu, kowanne ya karɓi na amf 30, alhali ƙarfen da ke ciyar da su bai wuce amf 60 ko 80 ba. Nemi wannan lamba a takardar akwatin. Idan mai ƙera shi bai faɗe ta ba, ajiye masa kayansa.

Daga nan sai girman kowane fis. Ƙa'idar masu ƙera fis ita ce kada nauyin da ke bi ta cikinsa kullum ya wuce kashi 75 cikin ɗari na lambarsa, kuma wannan a yanayin digiri 25 ne. Kayan amf 10 ke nan suna son fis na 15. Ƙarƙashin bonet, inda zafi ya ninka wannan, fis yana saurin gajiya, don haka a bar masa ƙarin sarari. Abubuwa masu juyawa, irin fanka da famfo, suna fizgar wuta mai yawa a daƙiƙar da suka tashi; fankar amf 15 takan so fis na 25 ko 30. Sai dai a nan akwai sharaɗin da ba a karya shi: fis ba ya girmar wayarsa. A ƙiyasin da ake aiki da shi, waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 tana tafiya da fis na 15, mai 2.5 da na 20, mai 4 da na 30. In kana son ƙara fis, fara ƙara kaurin waya.

Tsawo ma yana da hukunci. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5, idan tsawonta ya kai mita shida kuma tana ɗauke da amf 10, tana cinye kimanin volt 0.7 a hanya. A tsarin volt 12 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ita ce ke sa fitila ta yi ja kamar aci-bal-bal. Kayan da ke can bayan mota, a ba su waya mai kauri fiye da yadda fis ɗinsu ya nema.

Baba ya ƙara da shawarar da ban taɓa mantawa ba. "Raba fitilar dama da ta hagu, kowace da fis ɗinta. Ran da ɗaya ta mutu, ɗayar ta kai ka gida." Da muka gama, muna da hanyoyi goma da rile biyar. Ya ce in nemi akwatin da zai bar mini gurbi biyu ko uku, domin mai haɗa mota ba ya gama ƙari.

Lambobi biyu a bayan IP

Kowane mai sayarwa zai ce maka kayansa ba ya shan ruwa. Magana ba ta da ma'auni, amma lamba tana da shi. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta tsara ma'aunin IEC 60529, wanda ake rubuta shi da haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce.

A ƙura, 5 tana nufin kaɗan na iya shiga amma ba za ta hana aiki ba. 6 kuwa ba ta shiga ko kaɗan. Mu da hunturu ke kawo mana garin ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, mai laushi kamar hoda, lamba 6 muke nema. Ƙurar ita kaɗai ba ta cika kashe wuta ba. Amma takan kwanta a kan ƙarafa duk rani, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama laka mai riƙe danshi a daidai wurin da ba a so.

A ruwa, 4 fantsama ce kawai. Lamba 5 feshin tiyo ne mai matsakaicin ƙarfi, lita 12.5 a minti. Lamba 6 feshi mai ƙarfi, lita 100 a minti. Lamba 7 nutsewa ce cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Lamba 8 nutsewa mai daɗewa, bisa sharaɗin da mai ƙera kayan ya bayyana. Akwai kuma IP69K, wadda ta samo asali daga ƙa'idar motoci ta Jamus: feshin ruwa mai zafin digiri 80 da matsi mai tsananin ƙarfi, irin na injin wanki.

Akwai wani abu a nan da ke ruɗar har masu sana'a. Lamba 7 ba ta haɗiye lamba 6 ba. Akwatin da ya jure nutsewa a ruwa mai kwanciya yana iya gazawa idan aka harbe shi da feshi, domin jarrabawar biyu ce daban. Shi ya sa wasu masu ƙira suke rubuta lambobi biyu a jere. Ka tambayi kanka wane ruwa motarka za ta fi haɗuwa da shi. Idan ketare rafuka da kwazazzabai take yi da damina, 7 ce abokiyarka. Idan kuma kowace Asabar yaran gidan wanki suna ɗaga bonet su harba ruwa da inji, to 6 ko 9K kake so. Akwatin da zai zauna cikin mota, ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod, IP54 ma takan ishe shi. Ƙarƙashin bonet kuwa, kada ka sauka ƙasa da IP66.

Misalan kayan da suka yi suna a wannan fanni: RTMR na Bussmann, wanda kamfanin Eaton ke yi, akwai samfurinsa mai ɗaukar ƙananan fis goma da ƙananan rile biyar, an ba shi IP66; a jerin HWB na Littelfuse kuma akwai waɗanda suka kai IP67 da IP69K. Ban kawo sunayen nan don in ce su kaɗai za a saya ba. Na kawo su ne don masu su suna buga takardar bayani da kowa zai iya karantawa, kuma a cikinta za ka ga sharaɗin da ya shafe ni: lambar tana aiki ne idan murfi na rufe, kowace waya tana da robarta, kowane rami marar waya an toshe shi.

Hanyoyin da ruwa ke bi

Ruwa yana da ƙofofi uku, kuma murfi ɗaya ce kawai daga cikinsu.

A murfi, duba zoben robar da ya kewaye baki. Nagari na silikon ne, mai laushi, yana zaune cikin kwarminsa, kuma idan ka rufe za ka ji sai ka ɗan danna kafin maƙallan su kama. Idan soso ne aka manna da gam, zafi zai busar da shi kafin shekara. Maƙallan ma a gwada su. Murfin da ke buɗewa da ɗan taɓi, gargadar hanya za ta buɗe shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta wayoyi, inda nawa ya gaza. A akwati nagari kowace waya tana shiga ta raminta, da ɗan zoben roba da ake zura mata kafin a matse kan ƙarfen. Zobban suna da girma daban-daban gwargwadon kaurin waya: babban zobe a kan siririyar waya ado ne kawai. Ramukan da suka rage kuma akwai 'yan toshe na roba da aka yi dominsu. Su ne mafi araha a duk aikin, kuma su aka fi mantawa. Kada a maye gurbinsu da gam ɗin silikon na gini mai warin tsami, domin tsamin da yake fitarwa yana cin jan ƙarfe. Sannan a sani cewa ruwa yana iya bi ta cikin wayar kanta, tsakanin zarurrukanta, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan ɗaya bakin wayar yana can a buɗe kusa da taya, zai iya kawo danshi har cikin akwati. Dole can ma a rufe, da soket mai roba ko da bututun da ke tsukewa da zafi, mai gam a cikinsa.

Ƙofa ta uku ba a ganin ta: numfashi. Iskar da ke rufe cikin akwati idan ta tashi daga digiri 20 zuwa 80, matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ta nemi hanyar fita. Sai mota ta faɗa kududdufi, ko a watsa wa inji ruwan sanyi, iskar ta tsuke nan take, akwatin ya zuƙo abin da ke bakin roba. Danshin da ya shiga ta haka ba ya samun hanyar komawa. Don maganin wannan, wasu akwatuna suna da ɗan mashaƙi mai tata ta musamman, irin wadda kamfanin Gore ke yi: iska na wucewa, ɗigon ruwa ba ya wucewa. In ka ga wani ɗan maɓalli a jikin akwati, kada ka shafe shi da fenti ko gam, hancinsa ne.

Ruwa a volt 12 ba ya cika ƙona fis nan take. Ɓarnarsa a hankali take. Yana zama tsakanin ƙarafa biyu masu wuta, yana ci, yana barin kore-kore, kuma ƙafar da ke haɗe da batir dare da rana ita ta fi saurin lalacewa. Mota tana aiki lafiya wata biyu, wata uku, sai ran da ake tsananin buƙatarta.

Zafi daga ciki

Akwai maƙiyin da ya fi ruwa saurin kisa, kuma a cikin akwatin ake haifarsa. Idan bakin da ke riƙe ƙafar fis ya yi sako-sako, wurin yana zama matsatsi ga wuta. Matsatsin da bai wuce om 0.05 ba, idan amf 20 na bi ta cikinsa, yana fitar da zafin wat 20 a wuri kamar ƙwayar gero. Roba ta narke, bakin ya ƙara buɗewa, zafi ya ƙaru. Fis kuwa ba zai ƙone ba, domin wutar ba ta wuce lambarsa ba. Yawancin akwatunan da na gani a narke a gareji, wannan ne ya kashe su.

Saboda haka idan kana saye, ɗauki fis ka soka ka zare. Nagarin baki yana kamawa gam, sai da ɗan ƙarfi ake zarewa. Ƙarafan su zama jan ƙarfe ko gaurayensa, da aka yi musu rufin kuza mai hana tsatsa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu: idan ya kama bakin, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado. Jikin akwatin kuma ka juya ka karanta. A kan nagari za ka ga tambari irin PA66 ko PBT, sau da yawa da GF a gaba, alamar an ƙarfafa robar da zaren gilashi. A ƙasar da zafin inuwa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato da Maiduguri da Yamai, robar bokiti ba ta da wurin zama kusa da inji.

Akwatunan da ake sayarwa da wayoyinsu a haɗe suna rage aiki, amma a kansu ake fi yin ha'inci. Yanki bakin waya ɗaya ka kankare zaren da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, yana saurin karyewa da jijjiga, kuma ba ya shiri da danshi. Duba kuma yawan zaren, domin akwai waya mai ƙatuwar riga da ɗan jiki. Fis ɗin da suka zo kyauta cikin kwali, ni dai cire su nake yi in sa waɗanda na san asalinsu. Jabun fis yana iya ƙin ƙonewa a lokacin da ya kamata, kuma wannan ya fi rashinsa muni, domin kana zaton akwai maigadi. Araha ba ta ado.

Abin da za ka samu a ƙauye

Akwai na'urorin zamani da suka maye gurbin fis da rile gaba ɗaya, ana tsara su da kwamfuta, suna yanke wuta su mayar da kansu. Suna da kyau, masu motocin tsere sun karɓe su. Amma ka tambayi kanka: in ta lalace tsakanin Zinder da Agadas, wa zai buɗe ta? Fis mai ƙafa biyu da rile mai ƙafa huɗu ko biyar kuwa, da wuya ka shiga kasuwar kayan mota ka rasa su. Ko a cikin akwatunan gargajiya, wasu suna amfani da ƙananan rile masu siraran ƙafafu waɗanda ba kowane shago ke da su ba. In ka zaɓi irin wannan, sayi biyu ko uku na ajiya tun ranar farko, ka sa su a aljihun mota tare da fis na kowane launi. Kuma ka yi ƙoƙari duk rile ɗin da ke akwatinka su zama iri ɗaya, ta yadda in na fanka ya mutu a daji, za ka ari na hon.

Mazauni

Akwati nagari a mugun wuri ba ya daɗewa. A ɗaga shi sama, nesa da bututun hayaƙi, nesa da inda taya ke watso laka, kuma inda hannu zai kai gare shi da dare ba tare da an kwance komai ba. Wayoyi su shiga ta ƙasa, kuma kafin su shiga a ɗan lanƙwasa su su sauka sannan su hau, don ruwan da ya biyo su ya ɗiga a gindin lanƙwasar. A ɗaure su kusa da akwatin don kada nauyinsu ya riƙa jan robar. Kawunan wayoyi a matse su da filayar da aka yi don wannan aiki, a ja kowace a ga ba ta zare ba. Murɗawa da naɗe baƙin tef ba haɗi ba ne.

Sai babbar wayar da ta taso daga batir zuwa akwati, wadda ita ce mafi hatsari a duk motar, domin babu fis ɗin cikin akwati da ke kare ta. Tana buƙatar nata babban fis, irin MIDI ko MEGA da ake ɗaurewa da noti, a kusa da kan batir iya yiwuwa. Masu ƙa'idar jiragen ruwa a Amurka sun sa iyakar inci bakwai, wato kimanin santimita 18, kuma mai mota ba zai yi asara ba in ya ari wannan ma'auni. A tawa mun sa waya mai kauri 16 da fis na amf 80. Injin jan mota da ake ɗaurawa a gaba, mai iya cin ɗaruruwan amf, ba ya bi ta akwati sam. Hanyarsa daban ce.

Da muka gama, Baba ya sa na zana taswirar akwatin a takarda, kowane gurbi da sunan kayansa da lambar fis ɗinsa, muka rufe ta da leda muka manna a cikin murfi. Na ce masa ai na haddace. Ya ce, "Ba don kai ba ne, Malam. Don yaron da zai buɗe ta ne ran da ba ka nan, ni ma ba na nan."

Da damina ta zagayo na sake bin hanyar Zariya da dare, cikin ruwa. Da na iso gida na ɗaga bonet, na haska tocila, na buɗe murfin na shafa cikinsa da yatsa. A bushe yake, takardar ma ba ta yi laushi ba. Sai dai wutar da ta fita daga akwati dole ta sami hanyar komawa batir, kuma a tsohuwar mota wannan hanya ta cikin bodi mai tsatsa take bi. Can za mu nufa a babi na gaba.